Fim ɗin katunan besbol ya gano cutar, amma ya yi gaggawar jana'iza

A 2018 aka saki wani fim na labarin gaskiya mai suna Jack of All Trades. Fim ɗin ya bi Stuart Stone ne, ɗan birnin Toronto na Kanada, wanda ya adana akwatunan katunan 'yan wasan besbol (wasan buga ƙwallo da sanda da ya shahara a Amurka) tun yana yaro. Mahaifinsa na da shagunan sayar da katunan, don haka ya tashi da imanin cewa dukiya ce yake kwance a kai. Da ya fito da su, sai ya tarar ko tayin kirki babu mai yi.

A nan kam fim ɗin ya ciri tuta. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, kamfanoni irin su Topps da Fleer da Donruss sun yi ta buga kati ba ji ba gani, jama'a kuma na saye suna killacewa a leda da sunan jari. To abin da kowa ya ɓoye a gidansa, ta ina zai yi tsada? Katin Mickey Mantle na 1952 ya yi daraja ne saboda yaran wancan zamani sun yi wasa da nasu har suka yayyage, iyaye mata suka share sauran zuwa shara. Shi kuwa na Ken Griffey Jr. da kamfanin Upper Deck ya fitar a 1989, kowa ya lallaɓa nasa kamar ƙwai.

Sai dai daga tsakiya akalar fim ɗin ta karkata ga neman mahaifin Stuart, wanda ya bar iyalinsa. Labarin na taɓa zuciya, ban musa ba, amma ya cinye wurin katunan. Mai kallo zai tashi da zaton harkar ta mutu murus. Shekara biyu kacal bayan haka kullen korona ya zo, kasuwar ta tashi har ta fi da. A Mayun 2021 shagunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da katunan bayan an yi faɗa a kansu a Wisconsin. A 2022 kamfanin kayan wasanni na Fanatics ya sayi sashen katunan Topps, aka kuma yi gwanjon wani katin Mantle a kan dala miliyan 12.6.

Ba a zargin mai fim don bai san gaibu ba. Ƙorafina shi ne bai tsaya sosai kan tantance kati ba, alhali tun kafin 2018 nan ne kuɗin yake. Kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, yakan duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba, kuma tazarar 9 da 10 kan ninka farashi sau da yawa. Katin farko da ya tantance na Honus Wagner ne, wanda daga baya dillali Bill Mastro ya amsa a kotu a 2013 cewa ya datse gefunansa don ya yi kyau. Da nan fim ɗin ya sa kyamararsa, da ya kama harkar a wuya.