Giwar da Turawa suka kasa ciyarwa za mu sayo wa alhazai?

Tun da aka ga Lufthansa ya fiddo jiragensa ƙirar A380 daga inda ya jibge su lokacin korona, Qatar da Etihad ma suka yi haka, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a Kano. A rediyo ana ta yi, a Facebook ana ta yi: wai tunda ƙaton jirgi ya dawo, kuma na hannu ya yi araha, me zai hana gwamnati ko attajiranmu su haɗa kuɗi su sayo biyu ko uku, a riƙa kwasar alhazai ɗari shida a sawu guda, a huta da kwanan sansani? Abin haushin, masu faɗar haka ba jahilai ba ne. Wasunsu da sayar da tikiti suke ci.

Da farko ma, jirgin bai dawo ba. A Fabrairun 2019 Airbus ya sanar da daina ƙera shi, na ƙarshe ya fita a Disambar 2021. Guda 251 aka miƙa wa kamfanoni gaba ɗaya, 123 daga ciki kamfani ɗaya ne ya saye, wato Emirates. Boeing 747, wanda iyayenmu da yawa suka yi Hajji a cikinsa, an miƙa na ƙarshe a Janairun 2023, shi ma na dakon kaya ne. Kamfanonin da suka tayar da nasu sun yi ne saboda sababbin jiragen da suka yi oda sun ƙi isowa. Boeing 777X tun 2020 ya kamata ya fara aiki, aka yi ta ɗage shi shekara bayan shekara. Mutumin da dila ya ƙi kawo wa sabuwar mota, ya koma ya tayar da tsohuwar da ke gareji, ba son tsohuwar ne ya motsa masa ba.

Inji huɗu ne ya kashe waɗannan jirage. A da doka ba ta barin jirgi mai inji biyu ya yi nisa fiye da tafiyar awa guda daga filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu, don haka mai son ƙetare teku dole ya nemi mai uku ko huɗu. Daga 1985 aka fara sassautawa zuwa minti 120, aka kai 180, yau A350 yana da izinin minti 370. Tunda inji biyu na kai ka ko'ina, sauran biyun sun zama kaya. Boeing 747-400 yana shan kusan tan 10 na mai a awa ɗaya, 787-9 mai inji biyu kuwa bai kai tan 6 ba. Kowane inji kuma da lokacin da za a sauke shi a kai garambawul, ga sassan cikinsa da ake ƙirga musu tashi da sauka, da sun cika adadi sai a cire su ko da lafiyarsu ƙalau. Da dala ake biyan wannan duka, alhali maniyyaci naira yake zubawa, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun Yunin 2023.

Masu ra'ayin ƙaton jirgi lissafi ɗaya suka iya: a raba kuɗin tafiya da yawan kujeru, sai kowace kujera ta faɗo da sauƙi. Haka ne, in kujerun sun cika. Kowane ɗan kamasho a tashar Unguwa Uku ya san sauran lissafin. Ƙaramar mota ta yi lodi ta tashi, wata ta shigo layi ita ma ta tashi, doguwar bas tana nan ana ta ihun saura mutum biyu tun hantsi, fasinjojin ciki suna fifita da kwali. Bas ɗin ma ta fi jirgi gata, domin ita tana iya jira. Jirgi in lokacinsa ya yi tashi zai yi, kuma kujerar da ta tashi babu kowa ba a sake sayar da ita. Emirates yana cika kujeru 500 ne saboda yana tattaro mutane daga birane sama da ɗari ya zube su a Dubai, ya sake rarraba su. Da ya dawo Legas a Oktoban 2024, bayan rikicin kuɗaɗensa da suka maƙale a Najeriya, 777 ya kawo. Legas ke nan fa.

Za a ce ai alhazai suna cika jirgi. Suna cikawa a tafiya, ya dawo wayam ya ɗebi wasu. Bayan Arfa abin ya juya, ya tafi wayam ya dawo cike. Rabin man da aka ƙona iska aka yi wa dako. Jigilar gaba ɗaya, kai da kawo, ba ta wuce wata biyu ba. Sauran wata goma fa? Jirgin da ke ajiye ma yana cin kuɗi: inshora tana tafiya, kuɗin fakin yana tafiya, wasu gwaje-gwajen da kalanda ake yin su ko ya tashi ko bai tashi ba. Matuƙi dole ya yi tashi da sauka uku cikin kwana 90, ya kuma koma na'urar gwaji duk wata shida, kuma ta A380 sai an fita waje. Doka ta ce ma'aikacin cikin jirgi ɗaya ga kowace kujera 50, to a ƙirga nawa za a riƙe da albashi suna jiran Zulƙida.

An ma riga mu gwadawa. Malaysia Airlines ya taɓa mallakar A380 guda shida da ya rasa yadda zai yi da su, sai ya ware su ga Hajji da Umara a wani shiri mai suna Amal. A 2022 duka shidan suka bar hannunsa. Indonesiya kuwa, mai kujerun Hajji 221,000, fiye da ninkin 95,000 da aka ba mu a 2023 da 2024, kamfaninta Garuda hayar ƙarin jirage yake yi in lokaci ya zo, in an gama ya mayar wa masu su.

Arahar da ake kwaɗaita mana ita ce babbar shaidar. Jiragen farko da Singapore Airlines ya mayar bayan hayar shekara 10, babu wanda ya taya su, aka kai Tarbes ta Faransa aka farfasa ana sayar da sassa. Kayan da ba shi da mai taya na biyu, ranar da ka gaji da shi kai ma haka za ka rasa. Ga kuma filin sauka. Fiffikensa kusan mita 80 ne, nauyinsa in ya cika tan 575, tayoyinsa 22, yana buƙatar hanyoyin gewaye masu faɗi da matakin kashe gobara na 10, mafi girma. A yi wa filin Malam Aminu Kano wannan aiki duka saboda baƙon wata biyu? Sannan ranar da famfo ɗaya ya lalace, kuma babu irinsa sai an aiko daga Turai, mutum 600 ne za su kwana a sansani lokaci guda: tsofaffi a kan tabarma sun yi matashi da jakar hukuma, 'yan rakiya sun koma ƙauye tun jiya, guzuri ya fara ƙarewa. Da jirage uku matsakaita ne, biyu za su ci gaba da ɗiba.

Masu kawo misalin Kabo Air da Max Air sun manta waɗancan 747 an saye su ne bayan wasu sun cinye uwar kuɗinsu, lokacin da kayan gyaransu suka cika kasuwa, kuma 747-400 na fasinja na ƙarshe tun 2005 aka ƙera shi. Masu cewa a yi don martabar ƙasa kuwa, su tuna jirgin Habasha da aka shafa wa fentin Nigeria Air aka sauke a Abuja a Mayun 2023.

Daga Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Ko da zagayen da yaƙin Sudan ya jawo, wannan tafiyar A330 ce ko 787, jiragen da bayan Hajji za su ci gaba da ɗaukar masu Umara da 'yan Kantin Kwari masu zuwa Dubai da Alkahira. Ya kamata hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta daina ɗaukar kamfanoni a ƙurarren lokaci, ta ba su kwangilar shekara uku ko huɗu da za su nuna wa masu ba da hayar jirage. Gwamnati kuma ta tsaya kan ƙa'idar da aka sa wa hannu a Satumbar 2024 game da yarjejeniyar Cape Town mai kare haƙƙin masu ba da hayar jirage, domin mai jirgi ba zai sauko da kuɗin haya ba sai ya tabbata in an ƙi biya zai ɗauke abinsa ba tare da shekara biyar a kotu ba.