Wanda ya yi suna da masifa a talabijin, za ka ba shi makullin shagonka?

Duk shekarar da aka fara gasar Big Brother Naija, ko ba ka kallo sai ta biyo ka har cikin wayarka. Guntayen bidiyo ne ke yawo a TikTok da WhatsApp, kuma in ka lura ba na mai hankalin gidan ake turawa ba, na wanda ya fi kowa ɗaga murya ne. A majalisun matasa, daga unguwar Pantami har Tumfure a nan Gombe, ba ka rasa mai cewa, "Wallahi wannan ba ta tsoron kowa, irinta ake nema a wurin aiki." Wannan maganar nake so mu tattauna. Batun dacewar shirin da tarbiyyarmu na bar wa malamai, sun daɗe suna faɗin albarkacin bakinsu. Tambayata ta 'yan kasuwa ce: wanda ya shahara da tsiwa da gatsali a shirin gasa, zai yi ma'aikacin kirki?

A mafi yawan ayyukan da muke da su a Gombe, amsata a'a ce. Sai dai dalilina ya sha bamban da wanda iyayen gidanmu suka saba bayarwa.

Mu fara da abin da shirin yake saye. A ƙasar Holan aka ƙirƙiro shi a 1999, ya iso Najeriya a 2006, inda Katung Aduwak ya lashe na farko. Tsarinsa bai canza ba: a tara mutanen da ba su san juna ba a gida ɗaya na tsawon makonni, babu waya, babu fita, kyamara na kansu dare da rana, sannan masu kallo su zaɓi wanda zai zauna. A irin wannan gida mai kawaici shi ne a cikin hatsari, domin wanda ba a san da zamansa ba ba a jefa masa ƙuri'a. Faɗa jari ne. Cee-C, wadda aka fi tunawa da zafin bakinta a 2018, ta biyu ta zo. An kori Tacha a 2019 bayan rikicinta da Mercy Eke, an kori Erica a 2020, an kori Beauty Tukura a 2022, amma har gobe sunayensu sun fi zama a bakin jama'a fiye da na mutane da dama da suka yi zamansu lafiya suka fita lafiya.

Masu kare irin waɗannan 'yan takara suna cewa ai wasa ne, kowa dabarar cin kuɗi yake yi, kuma masu shiri suna tsinto munanan wurare ne su nuna. Akwai gaskiya a ciki. Duk wanda aka kulle makonni da baƙi, ana hana shi barci da wasanni, ana zuga shi, zai faɗi abin da ba zai faɗa a gidansu ba. Ba na yanke wa kowa hukunci da bidiyon minti ɗaya. Amma uzurin da kansa yana ɗauke da abin da ya kamata mai ɗaukar aiki ya yi tunani a kai. In dabara ce, to ga mutumin da ya gwada cin mutuncin abokin zama ya ga ta biya shi: mabiya sun ƙaru, kamfanoni sun kira shi talla. Darasin da duniya ta koya masa ke nan. Ranar da ciniki ya yi zafi a shagonka, wace dabara kake zaton zai fara jawowa?

An ma taɓa gwada abin a fili. Shirin The Apprentice, wanda Donald Trump ya fara gabatarwa a Amurka a 2004, ladarsa aiki ce a kamfanin mai shirin. Wadda ta fi kowa suna a zagayen farko ba ita ta ci ba; Omarosa ce, kuma da rigima ta yi sunan. Sau uku Trump yana korarta a zagaye daban-daban na shirin, amma da ya zama shugaban ƙasa a 2017 sai ya ba ta muƙami a fadar White House. Ba ta cika shekara ba aka sanar da tafiyarta, kuma a 2018 ta fito da muryar da ta naɗa a ɓoye lokacin da John Kelly, shugaban ma'aikatan fadar, yake sallamarta. Ko wa ke da gaskiya a tsakaninsu, wanda ya ɗauke ta ba zai ce bai san halinta ba, tun da a gaban idonsa ta nuna shi. A Ingila kuwa, inda Alan Sugar ke jan ragamar shirin tun 2005, daga 2011 aka daina ba wanda ya ci aikin albashi, aka koma zuba masa jarin fam 250,000 ya kafa nasa. Ni abin da na fahimta daga wannan sauyi shi ne, halin da ke kai mutum ƙarshen irin wannan gasa ya fi dacewa da mai cin gashin kansa fiye da mai zama ƙarƙashin wani.

Yanzu dawo da maganar gida. Shiga Tudun Hatsi ranar da motocin masara da wake suka cika kasuwa, ka ga yadda ake ciniki. Buhu ɗari zai tashi da magana kawai, kuɗi sai an sayar. Dillali yana cin abinci ne da yardar mutum biyu a lokaci guda. A babbar kasuwa ma haka ne, mai atamfa yana ba da kaya bashi saboda ya san uban mai karɓa. Garin nan kowa ɗan'uwan wani ne. Matar da yaron shagonka ya yatsina wa fuska da safe, wataƙila goggon babban mai sayen kayanka ce, kuma kafin la'asar labarin ya kai Jekadafari. A talabijin wanda ka zaga gobe za a kore shi ko a kore ka, shi ke nan an rabu. A kasuwa wanda ka zaga shi kake jira ya dawo mako mai zuwa da kuɗinsa. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa suke riƙe da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba don sun fi kowa kirki ba, don sun yi lissafi ne.

Ɓarnar ba a kan masu saye kaɗai take tsayawa ba. A 2015 wasu masana biyu, Michael Housman da Dylan Minor, sun fitar da bincike a makarantar kasuwanci ta Harvard a kan ma'aikata wajen 50,000. Sun ƙiyasta cewa kauce wa mugun ma'aikaci ɗaya yana tsare wa kamfani kusan dala 12,500, alhali samun gwani na sahun farko ribarsa wajen dala 5,300 ce. Asarar daga ina take fitowa? Daga abokan aikin da suke gajiya su ajiye aiki, a koma neman wasu ana koya musu daga farko. Kuma abin da ya sa ake daɗewa ba a kori irin waɗannan mutane ba, binciken ya nuna sau da yawa sun fi saura saurin aiki. Maigida yana ganin cinikin da masifaffen ya kawo, ba ya ganin yaran kirki biyu da suka sulale saboda shi.

To amma a nan nake rabuwa da iyayen gidanmu. Da yawansu in sun ce "mai ladabi" suna nufin wanda ba zai taɓa ce musu a'a ba. Yaro ya durƙusa, ya ce "To, Alhaji," "An gama, ranka ya daɗe," shi ke nan ya ci jarrabawa. Irin wannan yaron zai ga ana auna wa mutane mudu a tauye ya yi shiru, zai ga ɗan maigida yana zarar kuɗi a aljihun tebur ya yi shiru, wani lokacin ma shi ne mai zarar. Shaguna nawa ne suka rufe a garin nan ba tare da an taɓa ɗaga murya a cikinsu ba? Wancan binciken ma ya gano wani abin mamaki: waɗanda suka fi bugun ƙirji cewa dole a bi doka a kowane hali, sun fi yiwuwar a kore su saboda karya ta. Daɗin baki ba shaidar amana ba ne. Mai iya kallon idon maigida ya ce, "Alhaji, wannan kayan da ka sara ba za su shiga ba," ko "Hajiya, lissafin nan bai cika ba," kadara ne, ko da muryarsa ba ta da daɗi.

Saboda haka abin dubawa ba zafin mutum ba ne, ina zafin yake dosa. Akwai mai zafi a kan aiki: ba ya yarda da ha'inci, ba ya yarda da lalaci, in ya yi faɗa a kan buhun da ya ɓata ne. Akwai kuma mai zafi a kan mutane: yana neman inda zai yi ciwo, ya gori mutum da talaucinsa ko garinsu ko surar jikinsa, kuma ya fi jin daɗi in akwai 'yan kallo. Na farkon ka ba shi sito ko littafin lissafi ka yi barci. Na biyun shi ne shirye-shiryen gasa suke ɗaukakawa, domin faɗa a kan buhu ba ya tara masu kallo. Sannan a yi adalci: mace in ta ɗaga murya mun fi saurin kiranta fitsararriya, namiji ya yi abin da ya fi nata mu ce jarumi ne ba ya ɗaukar raini. Ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora su a kai.

Ba na cewa shahararren masifaffe ba shi da inda zai yi amfani. Talla tana sonsa, domin ido kawai ake saye a wurinsa. A ɗauki hoto, a biya shi, kowa ya kama gabansa. Zai iya kafa sana'arsa, inda in ya kori mai saye aljihunsa ne zai ji. Amma aikin da za a haɗa shi da mutane a ɗaki ɗaya daga safe zuwa yamma, ko a sa wasu a ƙarƙashinsa, wannan wani abu ne daban.

In har ya zo neman aiki kuma takardunsa sun yi, ba sai an rufe masa ƙofa saboda tsohon bidiyo ba. A ba shi gwajin wata uku kamar kowa. Sai dai in wa'adin ya cika, kada maigida ya tambayi kansa, domin shi an san yadda ake lallaɓa shi. Ya tambayi maigadi da masinja da yarinyar da ke zaune a kan na'urar POS.