Alfarmar da muke nema da sassaucin da muke ƙi

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ɗaure mini kai. Inda doka ba ta ware kowa ba, nan muke neman a ware mu. Inda kuma ita da kanta ta ce "kai an ɗauke maka", sai mu ƙi karɓa.

Tsaya bakin danja a Kano ka gani. Wuta ta nuna ja, mai adaidaita ya waiga hagu da dama, bai hango ɗan KAROTA mai kula da hanya ba, ya taka. Ko ku tuna farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira: mutane tun asuba suna layi a ƙofar banki, wani ya zo da hantsi, ya buga waya ɗaya, aka shigar da shi ta gefe. Ya fito yana cewa alfarma aka yi masa. To alfarmar nan daga rabon wa aka yanko ta? Daga na matar da ke tsaye da goyo tun ba ta karya ba. Ba kowace alfarma nake kushewa ba fa. Idan 'yan layi suka haɗa baki suka ce a bar tsoho ko mai ciki su wuce gaba, haƙƙinsu ne suka bayar da ransu, kuma dalili ne da za a iya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Wadda ake yi da raɗa ita ce matsalar.

Abin mamaki, mu ɗin nan ne kuma muke tsaurara wa kanmu inda aka sauƙaƙa mana. Tun a makarantar zaure aka karantar da mu cewa tafiyar da ta kai mil 48 ana yi mata ƙasaru, sallah mai raka'a huɗu ta koma biyu. Kano zuwa Kaduna ta zarce haka nesa ba kusa ba, amma matafiya nawa ne ke cika huɗu a hanya don suna ganin ragewa kamar ha'inci ne?

Na azumi ya fi ci mini rai. A shekarun da watan ya faɗo cikin Afrilu da Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Cikin wannan rana za ka tarar da dattijo mai ciwon suga, likita ya ce masa kada ya yi azumi, ya amsa da "to", ya koma gida ya tashi sahur abinsa. Kafin la'asar hannu ya fara rawa, zufa mai sanyi tana keto masa, 'ya'ya sun kewaye shi da kofin shayi: "Baba, don Allah ko kurɓi ɗaya ne." Shi kuwa ya kafe: "Tun ina saurayi ban taɓa shan azumi ba, sai yanzu da na kusa kabari?" Alhali ayoyin azumi a Suratul Baƙara su ne suka ware mara lafiya da matafiyi, kuma a nan aka ce Allah sauƙi Yake nufi da mu, ba tsanani ba. Sassaucin ba ɓarauniyar hanya ba ne, yana cikin hukuncin tun asali.

A ganina, sau da yawa ba hukuncin ne ke hana mu ba, idon mutane ne. Mai ciki da jiri ke ɗiba ba za ta iya kai loma baki da rana ba, don kada uwar miji ko kishiya ta gani a ce raguwa ce. Na san akan bar halak don kunya, amma ba a kan lafiyar uwa da abin da ke cikinta ba.

Labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i ya kamata a riƙa maimaita mana. Salman ya ziyarci Abu Darda'i, ɗan'uwansa a Musulunci, ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta daina kula da kanta. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya ce masa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma haka. Da maganar ta je gaban Manzon Allah (SAW), sai ya gaskata Salman. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Shawarata ga masu irin wannan dattijo a gida: kada ku bari sai ranar da ya yanke jiki sannan ku fara roƙo, kuma kada ku tsaya jayayya da shi da takardar asibiti kaɗai, don ba likita yake jin tsoro ba. Tun cikin Sha'aban ku nemi malamin da yake jin maganarsa, ku kai masa bayanin likita dalla-dalla, ya zo ya zauna da shi ya faɗa masa ramuwa ce a kansa ko ciyarwa, kuma nawa zai ciyar kowace rana.