Ɓauren bakin gulbi da tsuntsayen da suka rasa masauki

Jama'a, assalamu alaikum. Rubutun yau yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ya kwana biyu yana ci mini rai.

Makon jiya na sauka fadama, garkar kakanmu da ke bakin gulbi, sai na tarar da kututture a inda ɓaurenmu yake. Wanda ya san wurin ya san iccen da nake nufi, mutum uku ba su iya rungume shi. Na tsaya ina kallon bawon da aka zubar, farin ƙaron nan nasa ya bushe ya yi ja a bakin sara. Na ce wa Kawu: "Kawu, me ya yi zafi haka?" Ya ce: "Ɗana, iccen ya yi kogo, kwanansa ya ƙare. Ga inuwarsa ta hana albasa tashi, ga masu itace sun taya jikka ashirin, ga salla ta matso." Ban iya ce masa komai ba, domin na san halin gidan, kuma ba mugunta ta sa shi ba. Amma kogon da ya kira alamar mutuwa, a cikinsa na fara ganin abin da har yau ban ga kamarsa ba.

Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya, da damina, muka lura da wata cilakowa tana ta kai da komo da fara a baki. Muka bi ta da ido har jikin ɓauren. Kogon da muka sani a buɗe an yaɓe shi da laka, saura wata 'yar tsaga da yatsa biyu ba za su shiga ba. Namijin ya sauka, ya manne a jikin icce, sai ga tsinin baki ya leƙo daga ciki ya karɓe farar. Kaka ta ce mana matar ce ta shiga kulle, kada wanda ya kuskura ya taɓa. Daga baya na san cewa ita da kanta take toshe ƙofar da laka da kashinta, ta zubar da gashin fiffikenta tana ciki, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, duk cinta yana hannun mijin. In yaro ya harbe namijin da danƙo, gida guda ya kashe.

Cilakowarmu tana da dangi wajen iri 60 a Afirka da Asiya. Burtu ma ɗan gidan ne, wannan baƙin mai tafiya a ƙasa da mafarautanmu ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji. Amma da yawa daga manyan dangin suna can cikin dazuzzukan da ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma labarin ɗaya daga cikinsu ne ya hana ni barci ranar da na dawo daga garkar.

Tana zaune a tsibiran Borniyo da Sumatara, da ƙasar Malesiya da kudancin Tailan. Ni ina ce mata cilakowa mai kwalkwali. Nauyinta ya kai kilo 3, gashin tsakiyar wutsiyarta dogo ne ƙwarai. Sauran danginta tullun da ke kan bakinsu fanko ne, nata kuwa gabansa cike yake, mai tauri, ja daga waje, ruwan ƙwai daga ciki, har ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinta. Da shi mazan ke karo a sararin sama, kamar raguna biyu, galibi kusa da ɓauren da ya nuna. Abincinta kusan duka 'ya'yan ɓaure ne. Matar takan yi wata biyar ko kusa da haka a kulle, kuma ɗa ɗaya tak suke renowa.

Wannan kwalkwali shi ya ja mata. Yana sassaƙuwa kamar hauren giwa, ana yin carbi da 'yan kayan ƙawa da shi, masu kuɗi a ƙasar Sin suna saye. Tun 1975 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma haramci a takarda bai tare bindiga ba. Wani bincike ya ƙiyasta an kashe wajen 6,000 a shekarar 2013 kaɗai, a lardi ɗaya na Indunisiya, Kalimantan ta Yamma. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta ɗauke ta daga jerin waɗanda ake ɗan jin tsoro a kansu, ta tsallake mataki biyu, ta ajiye ta a bakin ƙarewa. Kuma maharbin ba ya shan wahalar nemanta. Yakan nemi ɓauren da ya nuna ne, ya laɓe a ƙarƙashi, ya jira. Iccen da ke ciyar da ita shi ya zama tarkonta. Duk namijin da ya faɗi a lokacin kulle, akwai mace da ɗa a wani kogo da za su yi ta jira har yunwa ta gama da su.

To me ya haɗa tsuntsu da ɓaure har haka? A nan ne na fi son ku tsaya da ni, domin amsar tana cikin abin da kowane yaron Maradi ya taɓa riƙewa a hannu.

Duk wanda ya fasa ɗan ɓaure ya ga 'yan ƙwarin da ke ciki. Muna yara mukan hure su mu cinye, wasu kuma su ƙi ci don ƙyama. Ashe waɗannan ƙwari su ne rayuwar iccen. Kun taɓa ganin furen ɓaure? Ba wanda ya taɓa gani a reshe, domin furanninsa a cikin ɗan suke, ɗaruruwa, a rufe. Wata 'yar ƙwaro dangin zanzaro, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ke kutsawa ta ɗan ƙaramin bakin da ke ƙasan ɗan ɓauren, sau da yawa fiffikenta ya karye a hanya. Ta shiga da garin furen wani ɓaure a jikinta, ta barbara furannin, ta yi ƙwai, ta mutu a nan. 'Ya'yanta maza ba su da fiffike, aikinsu su sadu da matan, su huda musu ƙofa, su ma su mutu a ciki. Matan su fito ɗauke da garin fure, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai gare su su sami wani ɓauren da ke shirye. Dangin ɓaure sun haura iri 750 a duniya, kuma kusan kowane iri da ƙwaronsa. A Namibiya an bi sawun ƙwaron irin ɓaurenmu, aka ga iska ta kai shi har kilomita 160 tsakanin icce da icce.

Tun da ƙwaron ba ya iya jira, itatuwan ba sa nuna tare. Wannan ya zubar, wancan yana ɗanye, na gaba yanzu ya fara. Shi ya sa a daji, lokacin da sauran itatuwa suka ɗauke, akwai ɓauren da ke ciyarwa a wani wuri. Masana sun ƙirga tsuntsaye da dabbobi fiye da iri 1,200 da ke cin 'ya'yan dangin ɓaure. Tsuntsun kuma yana biyan bashi. Ƙwayar ɓaure ƙarama ce, tana wucewa ta cikinsa lafiya, ya je ya ajiye ta nesa da uwarta, sau da yawa a saman wani icce, inda irin ɓauren da ke sauko da saiwa daga sama yake fara rayuwa. Ba sai mun je Borniyo ba, ku dubi gamji ko ceɗiyar da ta rungume giginya, ko wadda ta tsiro a tsagar tsohon gini. Ba hannun mutum ya kai ta can ba. A dajin Dja na Kamaru an sa wa manyan dangin cilakowa na'urar bin sawu, aka ga wata ta yi tafiyar kilomita 290. Tsuntsun da ke irin wannan yawo da iri a cikinsa, manomin daji ne.

Na san wani zai ce cilakowarmu ta fi cin fara da ƙwari a kan 'ya'yan itace, kuma gaskiya ne. A nan aikin shukar ya fi komawa kan jemage da sauran tsuntsayen da ke cika ɓaure da hayaniya da safe. Amma cilakowa ba ta iya fafe icce, sai ta sami kogo a shirye, kuma kogo sai tsohon icce. Burtu ma haka, shi kuwa galibi kogonsa sai ƙaton icce, kuma tun 2018 an sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari. Ku tambayi kanku yaushe rabon da ku ji gunjinsa da asuba.

Mu mutanen Maradi muna da abin alfahari a kan itace, kuma ba na rage shi da komai. A ƙasar nan aka fara sassabin zamani a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manomanmu suka gane cewa kututturan da ke gonaki ba matattu ba ne, a bar musu reshe biyu ko uku a gyara, su koma icce. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a faɗin Nijar, baƙi na zuwa har ƙauyen Ɗan Saga su koya. Sai dai ku dubi abin da ya dawo: gao, kalgo, sabara, itatuwan da ke gyara gona, su ba da harawa da makamashi. Madalla da su. Amma gaon shekara goma ba shi da kogo, kuma tsuntsun da ke neman ɗan icce mai zaƙi a tsakiyar rani ba zai samu a jikin sabara ba. Muna ƙirga itace da yawansa, alhali tsoho ɗaya yana yin aikin da sababbi ɗari ba su kai ga yi ba tukuna. A ganina wannan ne ramin da ke cikin lissafinmu. Muna murnar ƙananan da suka taso, manyan kuwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a bakin gulbi, a hanyar Madarunfa, a gefen dajin Baban Rafi, ba wanda ya rubuta ko ɗaya.

Kuma ba gatari kaɗai ke kashe su ba. In layya ta matso kowa ya ga yadda ake aske ɓaure da gamji ƙwal don ganyen raguna. Sassabe kaɗan icce yana jurewa, amma wanda ake yi wa haka kowace shekara ba ya samun sukunin yin 'ya'ya, ƙwaron da ya taso daga nesa ya iso ya tarar da rassa tsirara.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne inda aka yi nasara ba da kamu da tara aka fara ba. A kudancin Tailan, wata malamar jami'a mai suna Pilai Poonswad ta je tsaunin Budo a 1994, inda mutanen ƙauye, Musulmi kamarmu, ke kwashe 'ya'yan tsuntsayen nan daga kogo su sayar. Ta zauna da su, ta mai da masu kwasar masu gadin sheƙa, ana biyansu. A Arunacal Faradesh ta Indiya, 'yan ƙabilar Nyishi da ke ado da bakin tsuntsun a hulunansu sun karɓi na roba, wasunsu kuma suka koma tsaron kogunan da suke farauta a da. Wanda ya fi kowa sanin inda sheƙa take shi aka ba amanarta, aka kuma cika masa aljihu da abin da gadin ya hana shi samu.

Da a ce akwai irin wannan a nan, da Kawu bai sayar da ɓaure a jikka ashirin ba. Mu 'ya'yan gidan da ke cikin gari, da ya faɗa mana, da yamma ɗaya za mu haɗa masa kuɗin. Laifinmu ne da ba mu taɓa nuna masa iccen yana da daraja a wurinmu ba. Shi ya sa nake roƙon masu unguwanni da hakimai da ma'aikatan gandun daji su san tsofaffin ɓaure da gamji da durumi da ke ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka san rijiyoyi, kuma mai gonar da ya bar irin wannan icce a tsaye a san da shi, a taimaka masa. Malamanmu ma suna da abin faɗa. Allah ya yi rantsuwa da ɓaure a Suratut Tin, kuma hadisi ingantacce ya ce Musulmin da ya dasa icce, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. An ambaci tsuntsu a ciki, amma ban cika jin an tsaya a kan wannan kalmar a wa'azi ba.

Jiya na koma garkar. Kututturen ya fara fitar da tofo, guda bakwai na ƙirga, jajaye masu laushi. Na roƙi Kawu ya bar su, ya amince, muka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Mun yi da shi in ruwa ya sauka zan kawo rassan ceɗiya biyu mu kafa a kan iyaka ta gabas, inda inuwarsu ba za ta faɗa kan albasa ba. Muna cikin ɗaure ƙayar wata cilakowa ta sauka a kan darbejiyar maƙwabci, ta yi kuka sau biyu, ta tashi ta nufi hayin gulbi.