Ranar da na so tsayar da Maradi da keken surukina

Ni dai tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 kwalbar fetur ta 'yan ruwa-ruwa, masu sayarwa a bakin titi, ta fi ƙarfina, sai na jingine moto a zaure na koma keke. Keken ma ba nawa ba, na surukina ne, wani baƙin tsohon keke mai kariya da ƙararrawa wanda na tabbata ya girme ni, ya ba ni aro da sharaɗi ɗaya tak, wai kada in ja masa magana.

To duk mai hawan keke a garin nan ya san ba a ɗauke shi mutum ba. Kabu-kabu ya goge ka, adaidaita ta tura ka cikin rairayi, mai mota ya danna maka oda kamar ka ci masa bashi, in ka yi magana a ce kai malam matsa da ƙarfenka. Ina cikin wannan ƙorafi a fada, wato majalisarmu ta hira, muna jiran shayi na biyu sai ƙanena, wanda ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma bakinsa ba ya shiru, ya ce Yaya ai maganin abin yana nan, ya ciro waya ya nuna mana bidiyo. Wallahi kekuna ne kamar fara, sun cika titi, motoci sun yi cirko-cirko. Ya ce abin sunansa Critical Mass, a San Faransisko ta Amurka aka fara shi a 1992, duk Juma'ar ƙarshen wata masu keke su taru su hau titi tare, ba shugaba ba takardar gayya, in an zo mararraba wasu su gicciye kekunansu gaban motoci har ayari ya wuce. In an ce sun tare hanya sai su ce su ma ai masu hanya ne. A Budafes an taɓa tara wajen mutum 80,000 a 2008. A Niyok kuwa, lokacin taron jam'iyyar Rifablikan na 2004, 'yan sanda sun kwashe sama da 250 a dare ɗaya, a Landan ma daren buɗe wasannin Olamfik na 2012 an kama 182.

Kowa a fada maganar kamun ce ta tsorata shi. Ni ita ce ta burge ni, Allah Ya yafe mini. Na ce a raina ashe akwai inda mai keke ke da darajar da har za a turo mota a ɗauke shi.

A daren na buɗe gurup a WhatsApp. Kafin safiya mutum 43 sun ce ina ciki, wani har da cewa zai zo da 'yan unguwarsu duka daga Zariya ta nan Maradi. Muka tsai da Juma'ar ƙarshen wata bayan la'asar, mu taso daga unguwar Ali Dan Sofo mu bi kwalta har babbar kasuwa. Uwargida ta ce Malam da babbar rigar Juma'a za ka hau keke? Na ce shugaba ba ya fita da 'yar shara. Ta ce ba kai ka ce abin ba shugaba ba? Na yi kamar ban ji ba.

Mutum shida muka hallara. Ni, da mai facin unguwarmu wanda ya faɗa mini gaskiya shi ciniki ya biyo, da yara biyu a keke ɗaya, da wani dattijo da ya ɗaure akuya a kariya ashe shi hanyarsa ce kawai ta haɗu da tamu, sai kuma ƙanena, mai kawo shawarar, ya zo a kan moto. A kan moto fa! Wai shi ɗan jarida ne, zai ɗauki bidiyo.

Haka muka hau titi muka jeru, ina gaba ina kaɗa ƙararrawa. Jama'a, ko kallo ba mu ishi kowa ba. Yo ta ina za ka tare hanyar da dama a tare take, adaidaita ta tsaya tsakiyar kwalta tana ciniki, amalanke na tafiyar sarauta, mai rake ya baje kaya, kabu-kabu na ratsa tsakaninmu kamar mu turaku ne. Na ɗaga murya na ce mu ma masu hanya ne! Wata mai ƙosai ta ce to wa ya hana ka, bawan Allah. Kafin mu kai rabi dattijon ya karya kwana da akuyarsa, yaran suka hango ana ƙwallo suka gudu, muka rage ni da mai faci.

Da muka iso mararraba kusa da kasuwa na ce yanzu ne zan yi abin nan na gicciye keke. Na juya kan keke, na taka burki, ashe burkin surukina sai an yi masa sallama tun daga nesa, gefen babbar riga ya faɗa cikin sarƙa ta naɗe shi tsaf, na yi sama na dawo na zube gaban wata amalanken shanu cike da buhunan gero. Sa ya firgita ya ja da baya, buhu biyu suka sulalo, ɗaya ya fashe, awakin kasuwa suka ce Allah Ya kawo, adaidaita uku suka cushe wuri ɗaya, wata babbar mota da ta fito daga hanyar Dan Issa ta rasa gaba ta rasa baya. Oda ko'ina. Ina kwance riga na cikin sarƙa, hula ta yi nata wuri, amma wallahi wani daɗi na ji, na ce yau dai mai keke ya tsayar da Maradi.

Sai ga ɗan sanda yana busa usur. Na gyara kwanciya, na ce ranka ya daɗe ni ne, zanga-zangar masu keke muke yi. Ya dubi gabas ya dubi yamma ya ce kai da wa? Na waiga, mai faci ya riga ya tsuguna yana duba tayar wata adaidaita kamar bai taɓa ganina ba. Na ce ai a Landan mutum 182 aka kama. Ya ce to sannu, nan Maradi ne, mi kake so in rubuta, mutum ya faɗi da kansa? Ya wuce ni ya je yana yi wa mai amalanke faɗa, har jama'a na cewa ai san nan ne ya haddasa komai. Sa fa! Aikina guda, aka ba sa.

Da ya dawo sai ya tsaya yana kallon keken, ya kaɗa ƙararrawar sau biyu, ya ce wanga ba keken Baba Liman ba ne? Shi ya karantar da ni allo. Ya sa aka kawo reza aka yanke rigata daga sarƙa, ya ce in biya mai gero jaka ukku, keken kuma shi zai kai wa Baba da hannunsa don ya gaishe shi.

Na koma gida a kabu-kabu, dala sittin, riga ɓari guda. Ƙanena ya riga ya watsa bidiyon a gurup, mutum 43 ɗin nan kowa ya ga dama yanzu, har da mai tambaya yaushe ne na wata mai zuwa. Bayan isha'i yaro ya yi sallama, wai Baba ya ce in zo, kuma in taho da rigar.