Canjaras ba abin kunya ba ne, amma a duba dalilin karɓarsa

Jama'a masu buga ches, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Da zarar mutum ya karɓi canjaras a gasa sai a ce matsoraci ne, in kuma ya ƙi karɓa ya zo ya sha kashi a ce zarin ido ne ya kai shi. To wai ya ake so a yi?

Ku tuna 2018 a Landan, karawar kambun duniya tsakanin Magnus Carlsen mai riƙe da kambun da Fabiano Caruana, wasa 12 suka yi duka kunnen doki. A na ƙarshen Carlsen ne ke da rinjaye a kan allo, ga lokaci ya fi Caruana a agogo, kawai a motsi na 31 ya ce mu raba maki. Duniya ta yi ca a kansa, har Kasparov, tsohon zakaran duniya, sai da ya soki abin. Amma mutumin nan lissafi ya yi, ya san in aka je wasan gaggawa na raba gardama ya fi ƙarfin Caruana nesa ba kusa ba, don me zai saka kambunsa a caca a wasa ɗaya da kuskure guda zai iya rusa komai? Aka je ya lallasa shi 3 da 0. Ni wallahi ban ga tsoro a nan ba.

Sai kuma Disambar 2024 a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe a karawar kambun duniya tsakanin Ding Liren na China mai riƙe da kambun da Gukesh ɗan Indiya. Duk masana sun gama cewa canjaras ne, 'ya'ya sun ragu sosai a allon, Gukesh soja ɗaya kawai ya fi shi kuma ba ya isa a ci da shi in dai an tsare gida da kyau. Yaron ya ƙi tashi. Ya ci gaba da turawa a hankali, saboda shi babu ta inda za a ci shi a wannan yanayin, ga lokaci a hannunsa, Ding kuwa agogo na cinye shi ga gajiya. A motsi na 55 Ding ya yi kuskure ya ajiye ruk ɗinsa (ɗaya daga manyan 'ya'ya) a gidan f2, shi ke nan, aka yi musayar manyan 'ya'yan duka ya rage sarakuna da sojoji, wasa ya ƙare. Ɗan shekara 18 ya zama zakaran duniya.

Kun ga ɗaya ya nemi canjaras yana sama, ɗaya ya ƙi tsayawa a inda kowa ya ce babu komai, kuma a wajena duka biyun daidai suka yi, don kowannensu ya duba allo ya duba agogo ya duba abin da rabin maki zai yi masa.

Wanda nake da matsala da shi daban ne. Shi ne wanda zai zauna da wanda ya fi shi retin, wato makin da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, ya samu matsayi mai kyau, babban ya ɗago kai ya ce canjaras? jiki na rawa ya miƙa hannu, har ya fita yana ba da labari. Malam, wanda ya fi ka ƙarfi ba ya yi maka tayin nan don yana ƙaunarka, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya hango a allon da kai ba ka gani ba tukuna. Kuma doka ta ba ka dama, tayin da aka yi ba a janye shi, yana nan har sai ka amsa ko ka taɓa ɗa don yin motsinka. Saboda haka zauna ka cinye minti goma kana nema, in ba ka samo komai ba hannunsa na nan bai gudu ba.

Masu haɗa baki tun kafin a zauna kuwa, irin abin da Dubov da Nepomniachtchi, 'yan wasan Rasha, suka yi a Samarkand a 2023 suna ta zagaye da dawakai a kan allo har suka tashi canjaras, alƙalin wasa sifili ya ba su su biyun, kuma da ni ne ma haka zan yi.