Ƙidayar Mutanen Laka

Ɗan Boko ya naɗe wando yana tsaye cikin magudanar ruwan Bakolori, kusa da Talata Mafara, yana tace laka da rariya. Sai ga Ɗan Fulani da shanunsa.

ƊAN FULANI: Samari, zinare ake nema? Anka ya kamata ka nufa.

ƊAN BOKO: A'a Baffa, ƙidaya nake yi. Ina ƙirga halittun da ke zaune a ƙasan ruwa: katantanwa, ƙaguwa, tsutsotsi.

ƊAN FULANI: Ƙidaya? Aradu haka aka fara da mu, sai ga jangali. Waɗannan shanun ma ba nawa ba ne, kiwo aka ba ni.

ƊAN BOKO: Ba haraji ba ne. Su ke gaya mana lafiyar ruwa. Ka ga wannan jar tsutsar? Jininta na riƙe iska, shi ya sa take rayuwa inda ruwa ya ruɓe. In ka ga ita kaɗai ta cika laka, ruwan ya ɓaci.

ƊAN FULANI: To nagge tawa da hanci take gane wannan, kuma ko firamare ba ta yi ba.

ƊAN BOKO: Su ne kuma abincin tarwaɗa da ƙurungu. Babu su, babu kifi.

ƊAN FULANI: Wannan ka faɗa wa Sarkawa. Ni da nono nake.

ƊAN BOKO: To ga wadda ta shafe ka. 'Yar katantanwar nan ita ke rainon ƙwayar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayar ta shige ta, ta fito, ta huda fatar mai wanka. Sai fitsarin jini.

ƊAN FULANI: Hoɗijam! Mu da muke cewa yaro ya balaga ne! Tun yaushe take nan?

ƊAN BOKO: An gama dam ɗin Bakolori a 1978, ruwa ya kwanta, ita kuwa kwantaccen ruwa take so.

ƊAN FULANI: Kai kuma ga ka a ciki har gwiwa. Nawa ka ƙirga?

ƊAN BOKO: Iri tara.

ƊAN FULANI: Goma ne.

ƊAN BOKO: Baffa, ni na karanci abin nan. Tara ne.

ƊAN FULANI: Ban yi musu da karatu ba. Amma matsattsakun da ke sha a ƙwaurinka tun da na zo, shi baƙo ne?

ƊAN BOKO: Wayyo Allah! Baffa, cire mini!

ƊAN FULANI: Rubuta shi tukuna, kar a ce an yi maguɗi.